Katin Charizard na Wasan Pokémon: Bayaninsa, Yadda Ake Wasa da Shi, da Hukuncin Sayensa

Tambaya

Malam, muna zaune a Ingila, ɗana mai shekara 11 ya shiga tara katunan Pokémon kamar sauran 'yan ajinsu. Duk kuɗin da aka ba shi a fakitin katuna suke ƙarewa, wai yana neman wani kati da ake kira Charizard. Wani ya ce mini caca ce, wani ya ce wasan yara ne kawai. Mene ne wannan kati, yaya ake wasa da shi, kuma mene ne hukuncinsa?

Amsa a taƙaice

Katin takarda ce mai hoto da ƙa'idojin wasa. Sayen kati sananne da aka gani, a kan farashi sananne, ya halatta muddin babu almubazzaranci kuma babu abin da ya saɓa wa aƙida a jikinsa. Sayen rufaffen fakiti da fatan dacewa da kati mai tsada ciniki ne na garari mai kama da caca, a bar shi. Wasa a kan sharaɗin wanda ya ci ya ƙwace katin ɗan'uwansa caca ce, babu saɓani. Wasan da babu kuɗi a ciki kuwa malamai sun yi saɓani a kansa.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka kyauta da ka fara tambayar mene ne katin kafin hukuncinsa, domin malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa. Za mu fara da bayanin katin, sannan hukunci ya biyo baya.

Na farko: asalin katin

Pokémon ya fara ne a Japan a shekarar 1996 a matsayin wasan ƙaramar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo, wanda Satoshi Tajiri da kamfanin Game Freak suka ƙirƙira. Sunan an gutsuro shi ne daga kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar dodannin aljihu. Maganar da ta taɓa yaɗuwa cewa sunan yana nufin wani abu game da Yahudanci a harshen Japan ba ta da tushe, kuma bai dace Musulmi ya kafa hujja da ƙarya ba ko da a kan abin da yake ƙi ne.

A watan Oktoba na wannan shekarar aka fitar da wasan katin a Japan. A watan Janairu na 1999 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da na Turanci a Amurka. Wannan rukunin farko katuna 102 ne, kuma Charizard shi ne na 4 a cikinsu, shi ya sa ake ganin 4/102 a ƙasan katin daga dama. Mai zanen hoton ɗan Japan ne mai suna Mitsuhiro Arita. Daga baya an fitar da katunan Charizard iri-iri masu ƙa'idoji daban, amma wannan na farko shi ne ya yi wa sunan daraja, kuma shi za mu yi wa bayani.

Na biyu: abin da ke jikin katin

Faɗin katin milimita 63 ne, tsawonsa milimita 88. A tsakiya akwai hoton wata halitta ta almara mai kama da ƙaton ƙadangare, ruwan lemo, da fikafikai, tana fesar da wuta daga baki. Bayan hoton yana ƙyalli idan haske ya buge shi.

A sama daga dama an rubuta 120 tare da haruffan HP. Wannan shi ne gwargwadon bugun da katin zai iya jurewa kafin a fitar da shi daga fili. Kusa da lambar akwai alamar harshen wuta, wato jinsinsa na wuta ne, kamar yadda ake da jinsin ruwa, da na ciyawa, da na walƙiya da sauransu.

A sama daga hagu an nuna cewa shi mataki na biyu ne na rikiɗa. Ma'ana ba a ajiye shi a fili kai tsaye. Sai an fara ajiye ƙaramin kati mai suna Charmander, mai juriya 50, a wani zagaye a ɗora masa Charmeleon mai juriya 80, a wani zagayen kuma a ɗora Charizard. Ba a ɗora kati a kan wanda aka ajiye a wannan zagayen, don haka hanya tana da tsawo, sai dai idan an yi amfani da wani katin taimako da ke ba da damar tsallake matakin tsakiya.

A ƙarƙashin hoton akwai abu biyu. Na ɗaya baiwa ce da ke ba mai katin damar mayar da duk kuzarin da ke jikin Charizard ya zama na wuta har ƙarshen zagayensa, kuma ba ta aiki idan an sa katin barci, ko an rikita shi, ko an sandarar da shi. Na biyu shi ne harinsa guda ɗaya tak, mai suna Fire Spin. Yana buƙatar kuzarin wuta huɗu, yana yin ɓarnar maki 100, amma duk lokacin da aka yi shi sai an zubar da katunan kuzari biyu daga jikinsa. Tun da kati ɗaya na kuzari ake ɗorawa a kowane zagaye, mai Charizard yana asarar biyu yana mayar da ɗaya, don haka ba kasafai yake iya kai hari a jere ba.

A can ƙasa akwai alamomi uku. Rauninsa ruwa ne: duk bugun da katin ruwa ya yi masa ana ninka shi. Misali, katin Blastoise na wannan rukuni yana iya kai bugunsa zuwa 60, idan aka ninka ya zama 120, wato bugu ɗaya ya gama da Charizard. Yana da kariya daga jinsin masu dambe, ana rage 30 daga bugunsu. Idan kuma ana son a janye shi daga fagen fama sai an zubar da kuzari uku.

Sai ƙaramar alama kusa da lambar katin. Ɗigo yana nufin kati ne gama-gari, alamar lu'ulu'u tana nufin matsakaici, tauraro yana nufin mai wuyar samu. Charizard tauraro gare shi.

Na uku: yadda wasan ke gudana

Mutum biyu ne ke wasa, kowa da daminsa na katuna 60 da ya haɗa da kansa. Ba a sa fiye da huɗu masu suna ɗaya, ban da katunan kuzari na asali. Katunan iri uku ne: na halittun da ke fafatawa, na kuzari, da na taimako. Kowa zai yi lale, ya ɗebi bakwai a hannu, ya kife shida a gefe, waɗanda ake kira katunan lada. Kati ɗaya ne ke gaba yana fafatawa, har biyar kuma suna iya jira a baya. Ana jefa kwabo don sanin mai farawa, kuma wasu hare-haren ma sai an jefa kwabo ake sanin sakamakonsu.

Duk wanda ya kayar da katin abokin wasansa zai ɗauki lada daga cikin shidan da ya kife. Ana cin wasa ta hanya uku: mutum ya kwashe ladansa duka, ko abokin wasansa ya rasa katin da zai tsayar a fili, ko daminsa ya ƙare ya rasa abin ɗauka a farkon zagayensa.

A lura da wannan, domin hukunci yana rataye a kansa: katunan ladan daga damin mai su suke fitowa, kuma idan an tashi kowa yana tattara katunansa ya tafi da su. Ƙa'idar da kamfanin ya rubuta ba ta ce wanda ya ci ya mallaki katin wani ba. Wasan Magic: The Gathering, wanda ya fito a 1993 kuma shi ya buɗe wannan kasuwa, da farko yana da irin wannan sharaɗi a rubuce, daga baya aka daina. Amma yara a makarantu suna ƙara shi da kansu.

Na huɗu: dalilin tsadarsa

Wannan tsohon Charizard ba a shiga manyan gasannin yau da shi, saboda ana cire tsofaffin rukunoni daga gasa lokaci bayan lokaci. Tsadarsa daga ƙarancinsa take da kuma sha'awar masu tarawa. Akwai bugun farko mai hatimi a gefen hoton, akwai wanda babu inuwa a gefen akwatin hotonsa, akwai kuma bugun gama-gari da ya fi yawa. Wasu kamfanoni, irin su PSA a Amurka, suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon lafiyar kusurwoyinsa da fuskarsa, su rufe shi a cikin roba. A watan Maris na 2022 an sayar da bugun farko mai maki 10 a gwanjo a kan dala 420,000. Irin wannan labarin ne ke sa yaro ya ɗauka arzikinsa yana cikin fakiti na gaba.

Fakitin rukunin farko katuna 11 ne: bakwai gama-gari, uku matsakaita, ɗaya mai tauraro. Mai ƙyalli kuwa kusan a fakiti ɗaya cikin uku yake fitowa, kuma masu ƙyallin 16 ne a rukunin. Idan aka yi lissafi, mai neman Charizard shi kaɗai yana buƙatar fakiti sama da 40 kafin a matsakaicin hali ya dace da guda, kuma yana iya buɗe ɗari bai gani ba. Fakitocin yanzu sun canza tsari, amma dabarar ita ce dai: katin da kowa ke so a ɓoye yake, ba a san inda yake ba sai an biya an yage.

Na biyar: hukuncin rufaffen fakiti

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin tsakuwa da cinikin garari. Ɗaya daga cikin fassarar cinikin tsakuwa shi ne mutum ya biya kuɗi ya jefa tsakuwa, duk tufar da ta faɗa a kanta ta zama tasa. Garari kuwa shi ne abin da ba a san ƙarshensa ba.

Ba kowane rashin sani ne ke ɓata ciniki ba. Imam Ƙarafi a cikin littafinsa Al-Furuƙ ya kasa garari kashi uku: mai yawa da aka haɗu a kan hana shi, kamar sayar da tsuntsu yana sama, kaɗan da aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gida da audugar da ke cikin riga, da matsakaici da ake saɓani a kansa. Abin da ya raba su shi ne ko ɓoyayyen abin nan shi ne manufar cinikin ko kuwa biye yake. Mai sayen gida ba don harsashi ya saya ba.

Wasu malaman zamani sun sauƙaƙa a kan fakiti, suka ce an san adadin katunan da jinsinsu, kuma mai saye ba ya tashi hannu wofi. Wannan magana tana da fuska idan katunan suna kusa da juna a daraja kuma don wasa aka saya. Amma halin da ka siffanta daban ne. Yaron ba katuna goma yake saye ba, damar samun guda ɗaya yake saye. Idan ya dace ya ci riba ninkin-ba-ninki, idan bai dace ba ya tashi da abin da bai kai kuɗinsa ba, ya koma ya sake. Wannan kai-kawo tsakanin riba da asara bisa sa'a kawai shi ne ainihin abin da ke cikin caca, wadda Allah ya haɗa haramcinta da na giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya kuma bayyana cewa tana jefa gaba tsakanin mutane tana kange su daga ambatonsa da salla. Saboda haka abin da muke rinjayarwa shi ne hani.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ake yi a intanet, inda mutane da yawa ke biyan kuɗin gurbi, mai kaya ya buɗe kwali a gaban kyamara, kowa ya ɗauki abin da ya faɗo wa gurbinsa. Haka kuma fakitocin da ake saya da kuɗi a cikin wasannin waya. Ko a wajen waɗanda ba Musulmi ba, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a na wasannin kwamfuta caca ce.

Na shida: hukuncin wasan kansa

Idan an sa kuɗi ko kati a kan cewa wanda ya ci ya ɗauka, caca ce, ko katin bai kai kuɗin alewa ba, ko kuma 'yan wasan ƙananan yara ne. Yaro ba a rubuta masa zunubi, amma wajibi ne waliyyinsa ya hana shi. Haka gasar da ake biyan kuɗin shiga sannan a ba wanda ya ci kyauta daga cikin kuɗin. Hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito ya taƙaita sa lada a gasa ga harbi da tseren raƙuma da na dawaki, kuma a kan haka mazhabar Malikiyya take.

Idan babu kuɗi, akwai saɓani. Muslim ya ruwaito daga Buraida tsoratarwa mai tsanani a kan wasan nardu, wanda ake jefa ɗan lido a cikinsa. Malikiyya sun tsananta, har Ibn Abi Zaid a Risala ya hana nardu da shaɗaranji gaba ɗaya. Shafi'iyya kuwa sun bambanta tsakanin wasan da ya dogara a kan sa'a, wanda suka riskar da nardu, da wanda ya dogara a kan tunani da lissafi, wanda suka ce makaruhi ne kawai. Wasan Pokémon ya haɗa biyun: akwai lale da jefa kwabo, akwai kuma haɗa dami da lissafin kuzari. Wanda ya bar shi ya kuɓutar da addininsa daga shubuha. Wanda ya bar yaronsa ya yi bisa ra'ayin masu sauƙaƙawa, ba a tsananta masa inkari, da sharaɗin kada ya jinkirta salla, kada ya cinye lokacin karatu, kada ya jawo zagi da rantsuwa da gaba.

Ya kamata a sani cewa a shekarar 2001 Kwamitin Fatawa na Dindindin na ƙasar Saudiyya ya haramta Pokémon baki ɗaya, bisa dalilin caca, da ra'ayin rikiɗar halittu na Darwin, da alamomin wasu addinai da suka ce suna jikin katunan. Shaikh Yusuf Alƙardawi ma ya yi fatawar hani a wannan shekarar. Dalilin caca mai ƙarfi ne kamar yadda ya gabata. Batun rikiɗa kuwa, kalmar da suke amfani da ita ita ce ta masu wancan ra'ayi, amma abin da ke faruwa a kan tebur halitta ɗaya ce ke girma tana canza kama, kamar talibambam ya zama kwaɗo. Duk da haka uba ya bayyana wa ɗansa bambancin, ya koya masa cewa Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Allah ne ya halicce shi daga ƙasa.

Na bakwai: hotuna da aƙida

A wajen Malikiyya, surar mai rai da aka haramta ita ce mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓɓai. Zanen da ke shimfiɗe a takarda makaruhi ne idan ana girmama shi, barinsa kuma ya fi idan abin wulaƙantawa ne. Wasu mazhabobin sun fi haka tsanantawa. An yi rangwame a kayan wasan yara, saboda Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da dokin wasa mai fikafikai, Annabi ya gani ya yi dariya bai hana ta ba. Wannan ya shafi katin da ke hannun yaro yana wasa da shi. Wanda babba ya sa a gilashi ya rataye a bango yana alfahari da shi ya fita daga wannan rangwamen, ya shiga cikin abin da ya zo na cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da sura.

Katunan kuma ba ɗaya ba ne. Katin Charizard babu da'awar allantaka a jikinsa. Amma a cikin Pokémon akwai Arceus, wanda labarinsu ya ce shi ya tsara duniya. A wasan Yu-Gi-Oh! akwai katuna uku da ake kira allolin Masar, ɗaya ma da sunan Ra. Wasan Magic kuwa an gina shi ne a kan cewa ɗan wasa matsafi ne mai jifa da sihiri. Duk katin da ya jingina halitta ko allantaka ga wanin Allah, ko ya ƙawata tsafi, ba a saye shi, ba a sayar da shi, ba a ajiye shi.

Na takwas: saye, musaya da zakka

Sayen kati guda da aka gani, ko aka siffanta shi sosai, ya inganta. Musayar kati ɗaya da uku ko goma ta halatta, domin kati ba ya cikin dukiyar riba. Sai dai cinikin yaro a kan abu mai daraja yana jiran amincewar waliyyinsa, kuma haramun ne wanda ya san farashi ya yaudari yaron da bai sani ba. Jabu ya yi yawa a wannan kasuwa. Sayar da shi a matsayin na gaske, ko ɓoye lanƙwasa da ƙarzuwa, algus ne. Ƙara farashi a gwanjo ba da niyyar saye ba shi ne najashi da aka hana. Zuba dukiya mai yawa a takarda alhali akwai haƙƙin iyali ko bashi a wuya almubazzaranci ne.

Katunan da aka ajiye don wasa ko sha'awa babu zakka a kansu. Waɗanda aka saya da niyyar kasuwanci hajar kasuwa ce. A Malikiyya, mai jujjuya haja yana ƙimanta su duk shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari idan dukiyarsa ta kai nisabi. Mai ajiyewa yana jiran farashi ya hau kuwa, sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya.

Abin da muke ba ka shawara

Ka zauna da yaron ku lissafa abin da ya kashe a fakiti, ku duba farashin katunan da ya samu, ya ga bambancin da idonsa. Ka tsayar da sayen rufaffen fakiti. Idan ka ga ka bar masa wasan, akwai damin da ake sayarwa a shirye wanda an san abin da ke cikinsa, akwai kuma sayen kati ɗaiɗai, sai ka ƙayyade masa kuɗi da lokaci. Katunan da ya riga ya samu daga fakiti nasa ne, ba sai an zubar ba, ban da masu saɓa wa aƙida. Waɗanda ya ci daga hannun wasu yara ta hanyar wasa kuwa a mayar wa masu su, idan ba a san su ba a yi sadaka da ƙimarsu. Ka bi shi da lallashi da bayani, domin yaron da ya gane dalilin hani tun yana shekara 11 zai gane cacar ƙwallo da makamantanta idan ya girma, ko da wane suna aka kawo masa su.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya tsarkake mana dukiyoyinmu.

Allah ne Mafi sani.